ZAMAN MAGINA TUKWANE A MA'AIKATA ƊAYA

Ginin tukwane sana'a ce tsohuwa a ƙasar nan, kuma tun da daɗewa ba aikin mutum ɗaya ba ne. A ƙauyuka da yawa rami ɗaya magina ke ɗiban yumɓu, matoya ɗaya kuma suke tara tukwanensu su toya.

A shekarar 1951 Gwamnati ta fara kafa ma'aikatar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, watau garin da a ke kira Suleja yanzu. Wani Baturen Ingila, Michael Cardew, shi ya shugabance ta har 1965. An zaɓi Abuja sabo da akwai yumɓu da ruwa da itace, ga kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau mai son sana'ar. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin, ita ce kuma wadda aka sa hotonta a takardar naira 20. A can magina daga ƙabilu dabam dabam suka yi aiki da faifan gini mai juyawa, suna toya kayansu a tanderu ɗaya.

Duk inda aka kafa ma'aikata irin wannan, ko ta gari ko ta makaranta ko ta ƙungiya, abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe: wuta ɗaya ce ke toya kayan kowa. In mutum ɗaya ya yi sakaci, ba shi kaɗai zai yi hasara ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Daga nan dukan dokokin nan suka fito.

YUMƁU

Kada a bar ƙazanta ta shiga yumɓun jama'a. Ɗan tsakuwar farar ƙasa wanda bai fi ƙwayar gero ba, in ya shiga jikin tukunya, wuta takan mai da shi toka mai shan ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai ya sha laima ya kumbura, ya ɓantare jikin tukunyar, watakila ma bayan an riga an sayar da ita. Sabo da haka a tace yumɓu tun yana ruwa, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu bayan an ɗiba. Ragowar da ba a toya ba a mai da ita ramin jiƙo, don tana sake yin aiki. Wanda ya zo da yumɓu daga wani wuri ya nuna wa shugaba tukuna, gama ba kowane yumɓu ke jimre zafi ɗaya ba.

KAYAN AIKI DA TSABTA

Faifan gini na kowa ne, a bi shi bi da bi. Wanda ya gama ya wanke shi, ya bar shi yadda zai so ya same shi. Kayan aikin wani kuwa ba a ɗauka sai da izninsa.

Kada a yi shara a busasshen daɓe. Ƙurar yumɓu tana da garin dutse mai laushi ƙwarai, wanda in ya shiga huhu ba ya fita. Shekara da shekaru yana taruwa har ya jawo ciwon ƙirji wanda ba ya warkewa. A yayyafa ruwa kafin a share, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Haka kuma kada a ci abinci a inda a ke haɗa ruwan ƙyalli, watau abin da a ke shafa wa tukunya ya narke ya zama kamar gilashi. Kada a sa dalma a cikinsa ko kaɗan. Dalma guba ce, tana fita daga jikin kwano ta shiga abinci, yara kuwa su ta fi cuta.

TUKUNYAR WANI

Ɗanyar tukunya ba a taɓa ta. Yatsa ɗaya ya isa ya lotsa bakinta, busasshiya kuwa in an ɗaga ta ta baki ko ta kunne sai ta karye. In lalle sai an kawar da tukunyar wani, a tallabe ta daga ƙasa da hannu biyu. In ta fashe, wanda ya fasa ya faɗa da kansa, kada ya jira a bincika.

Kowane magini ya yi wa kayansa alama tun suna ɗanye. A Abuja, a wancan zamani, akan buga hatimin ma'aikata mai sunan garin da rubutun ajami, sa'an nan kowa ya buga nasa. Na Ladi Kwali shi ne LK. Alama tana kashe gardama ranar fid da kaya, tana kuma nuna wanda aikinsa ke bukatar gyara.

TOYI

A nan ne hasara ta fi yawa, don haka a nan doka ta fi tsanani.

1. Kada a sa tukunyar da ba ta bushe sarai ba. Ruwan da ya rage a jikinta yana zama tururi da zarar zafi ya kai digiri 100, in bai sami hanyar fita ba sai ya fasa ta, tsingaron ya farfasa na kusa da ita. Tukunyar da a ke jin sanyinta in an kara ta a kunci ba ta bushe ba tukuna.

2. A goge gindin tukunya bayan an shafa mata ruwan ƙyalli. Tanderu irin na Abuja yana wuce digiri 1,200, ya fi toyin ƙauye zafi nesa. In ruwan ƙyalli ya narke a gindi sai ya manne tukunya da abin da ta ke kai, ba a raba su sai an fasa.

3. Mutum ɗaya ne zai shugabanci jeri da wuta. Shi ke faɗin inda kowace tukunya za ta zauna. Amma ya yi adalci, gama a cikin tanderu akwai inda wuta ta fi kyau. Wanda ya sami wurin kirki yau ya bar wa wani gobe.

4. Duk mai kaya a ciki ya kawo rabonsa na itace, busasshe, ya kuma tsaya nasa lokacin tsaron wuta, ko da dare ne.

5. Kada kowa ya buɗe tanderu kafin ya huce. Iska mai sanyi in ta bugi tukunya mai zafi sai ta tsage ta. Garajen mutum ɗaya yakan ɓata aikin wata guda.

LADABI

Yaro ya girmama malaminsa, malami kuma kada ya ɓoye wa yaro sani. Wanda ya ga kuskure a aikin ɗan'uwansa ya gaya masa a keɓe, ba a gaban mai saye ba. Kada a janye wa wani mai ciniki. Kuɗin yumɓu da na itace a rubuta su a littafi, a karanta wa kowa. In an sami saɓani a kai wa shugaba tun yana ƙarami.

Ya kamata a rubuta dokokin nan a manna a bakin ƙofa, a kuma karanta wa kowane sabon shiga tun ranar farko. Ma'aikatar da ta kiyaye su, kayanta za su fito lafiya, maginanta kuma su daɗe tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.