Daga PS2 zuwa PS5: Me ke sa 'yan gem canza inji?

Masu karatu, duk wanda ya san harkar fim ɗin Hausa ya san cewa ba don son ƙarfe jama'a suka riƙa sayen bidiyo ba, don son fim ne. Da kaset ya ja baya, faifan CD ya shigo, dole kowa ya nemi sabon inji ko ya koma kallo gidan maƙwabta. To, haka abin yake a harkar gem, kuma samarin da ke cika gidajen gem a Gwandu da Kalgo shaida ne.

Mu ɗauki PlayStation 2, wadda kamfanin Sony ya fitar a 2000. An sayar da fiye da miliyan 155, ta zama gagara-badau. Sirrinta? Tana cin faifan DVD, tana kuma karɓar gem ɗin tsohuwar PlayStation, wato jifa ɗaya tsuntsu biyu. Kishiyarta Dreamcast ta kamfanin Sega ba ta cin DVD, kuma ba a yi mata FIFA ba. A 2001 aka daina ƙera ta.

A nan gida kuwa, maganar ƙwallo ce. Yaron da ya kalli Chelsea ko Barcelona jiya a gidan kallo, so yake yau ya riƙe kulob ɗinsa da 'yan wasan bana, ya lallasa abokinsa. PES 2014 da FIFA 14 su ne na ƙarshe da aka yi wa PS2, a 2013. Ita ma PS3 daga FIFA 19 na 2018 aka yi sallama da ita. Gaskiya ne akwai gwanayen da ke cusa sababbin 'yan wasa cikin tsohon gem, amma hoton yana nan jiya i yau. Ranar da gidan gem na gaba ya kawo sabon inji, sai ka ga benci ya koma wayam. Kamar jarumi ne a fim: inda ya koma, can 'yan kallo ke binsa.

Sai dai so daban, aljihu daban. A 2006 babbar PS3 ta fito a kan dala 599, Wii ta Nintendo kuma dala 249. Wii ba ta kai ta ƙarfi ba, amma ta haura miliyan 100. Sony ya ɗau darasi: a 2013 ya sa wa PS4 dala 399, alhali Xbox One na dala 499, ya kuwa yi mata fintinkau.

Mai gidan gem a Gwandu, ko a Kalgo inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kai-komo, lissafinsa ya wuce kuɗin inji. PS5 da ta fito a 2020 tana son talabijin ta zamani, tana cin wuta fiye da PS2 nesa ba kusa ba. Ga janareta, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023, ga faɗuwar naira. Idan ya ƙara kuɗin wasa yara su gudu, idan ya ƙi canza inji ma su gudu. Shi ya sa da yawa ke tsayawa tsakiya, su nemi PS4 ta hannu.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka rabu da tunkiyarka, tambayi kanka: gem ɗin da kake so yana kan injin? Wutar unguwarku za ta ɗauke shi? In ya lalace, akwai mai gyara a Birnin Kebbi, ko sai an dangana da Sakkwato? Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, riƙe tsohonka. Da babu gara ba daɗi!