Ƙanƙara mai launin hayaƙi

 Yau hirarmu a kan dutse take.

Kun san ƙanƙara, dutsen nan da kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Yawancin rairayin da kuke shuka hatsi da gyaɗa a ciki, garin wannan dutse ne da ruwa da iska suka niƙa tun zamanin da. Akwai fara garau, akwai kuma mai duhu kamar hayaƙi, wata har baƙa.

Daga ina launin ya fito? Ƙanƙara tana taruwa sannu sannu cikin tsagar manyan duwatsu, irin na Damagaram da Abzin da Jos, in ruwa mai zafi na ƙarƙashin ƙasa ya huce. In ta samu fili takan fito da gefe 6 da tsini. Idan akwai ɗan alminiyam cikinta, kuma dutsen da ya kewaye ta yana da ɗan iraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit tun 1971, to ƙarfin da ke fita daga iraniyom ɗin shi ke rina ta cikin dubban shekaru. Wannan ƙarfi ba ya zama cikinta, don haka ba ta cutar da mai rataya ta. In an gasa ta a wuta, launin ya gushe.

Ana goge ta a yi dutsen wuya da kan zobe. Mutanen Sin sun yi tabarau da ita tun ƙarni na 12.

To, ga gargaɗi biyu. Na farko, wannan dutse ba daiman ba ne, kuɗinsa kaɗan ne. A ma'aunin tauri ƙanƙara tana da 7, daiman 10, dukansu suna karce gilashi. Kada wani ya karce kwalba gabanka ya raba ka da kuɗin amfanin gonarka.

Na biyu, tun 2014 da aka gano zinariya a Jado, samari da yawa sun kama aikin haƙa. Sau da yawa zinariya cikin jijiyar ƙanƙara take. Ƙurar dakanta tana zama cikin huhu, ta sa shi tauri, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma huhun da ya yi tauri ba ya komawa daidai. Ku jiƙa dutse kafin daka, ku kauce wa ƙura. Wanda tari ya daɗe masa, ya tafi likita.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.