Ayari ko Karkiya? Haɗa Farantan Sola Mabambanta a Gida

A ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka zama Masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba a taɓa kukan rashin rana ba. Wutar lantarki ce ke wuyar gani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya fi ƙarfin magidanta da yawa, sannan a watan Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa, har da Jigawa, suka shafe kwanaki cikin duhu. Wannan ya sa jama'a suka ƙara rungumar sola.

Sai dai ba kowa ke iya sayen kayan a tashi ɗaya ba. Manomi kan sayar da riɗinsa bana ya sayi faranti mai wat 100 da batir guda. Baɗi, idan zoɓo ya yi daraja a kasuwar Maigatari, sai ya ƙaro wani mai wat 300, wataƙila ma na hannu. A lissafinsa ya mallaki wat 400 ke nan. Amma sau da yawa sai ya tarar batir bai cika ba har magariba, ya shiga zargin mai shago, alhali laifin yana wajen haɗin.

Kowane faranti jerin ƙananan ƙwayoyin silikon ne, kuma kowace ƙwaya na ba da kimanin rabin folt idan haske ya sauka a kanta. Faranti mai ƙwaya 36 yana aiki a wajen folt 18, mai ƙwaya 72 kuwa a wajen folt 36. Folt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, wat kuma shi ne abin da ake samu idan aka ninka folt da amfiya. Saboda haka ƙaramin farantin manomin nan yana ba da folt 18 da amfiya 5.5, babban kuma folt 36 da amfiya 8.3. Duk waɗannan alƙaluma suna rubuce a takardar da ke manne a bayan faranti, takardar da galibi ba a waiwayarta sai abu ya lalace.

Hanyoyin haɗi biyu ne. Ta farko ita ce a jera faranti a bayan faranti, a ɗaura jar wayar wannan da baƙar wayar wancan, kamar yadda ake ɗaure raƙuma a ayari. A irin wannan haɗi folt na taruwa, amma wutar hanya ɗaya take bi, don haka amfiya ba ta wuce ta mafi rauni, kamar dai yadda ayari ba ya wuce saurin gurgun raƙuminsa. Idan aka jera farantan nan biyu za a sami folt 54, amma amfiya za ta tsaya a wajen 5.5. A ninka, sai a ga kimanin wat 300. Watau kuɗin ƙaramin farantin kusan duka sun tafi a banza.

Ɗaliban ilmin halittu za su gane wannan da wuri. Tun a ƙarni na 19 masanin nan na Jamus, Justus von Liebig, ya yaɗa ƙa'idar cewa girman shuka yana rataye ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, komai yawan sauran. Gonar geron da ba ta da fosfaras ba za ta yi albarka ba don an ƙara mata yuriya.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, farantan su tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar shanun huɗa a karkiya guda. A nan amfiya ce ke taruwa, amma dole duka su yi aiki a folt ɗaya, kuma ƙaramin ne ke yanke hukunci. Babban faranti zai sauko zuwa wajen folt 18, amfiya ta taru ta kai kusan 14, a tashi da kimanin wat 250. Wannan ya fi na farko muni, kuma akwai haɗari a ciki: da zarar batir ya cika an daina jan wuta, babban faranti zai riƙa tura wutarsa baya cikin ƙaramin, ƙwayoyinsa su yi zafi, har ya kai ga lalacewa. Duk manomin da ya taɓa ɗaura ƙaton bijimi da ɗan maraƙi a garma ɗaya ya san wanda ke shan wahala.

Dokar ke nan a taƙaice: a ayari a daidaita amfiya, a karkiya a daidaita folt. Da manomin zai sayo wani faranti mai wat 100 irin na farko, sai ya jera ƙananan biyu su ba da folt 36, sa'an nan ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa da babban. A nan kusan dukan wat 500 za su zo hannu. Idan hakan ba ta samu ba, mafi tsafta shi ne kowane faranti a ba shi na'urarsa ta daidaita caji, wadda masu gyara ke kira kwantirola, duka su zuba a batir guda.

Ita ma kwantirolar iri biyu ce. Mai araha, wadda ake rubuta wa PWM, tana janyo faranti ne zuwa folt ɗin batir. Faranti mai folt 36 da aka haɗa ta cikinta da batir mai folt 12 ba zai ba da fiye da kimanin wat 120 ba, ko da an rubuta 300 a bayansa. Mai tsada, MPPT, ita ce ke juya rarar folt ta zama amfiya. Amma tana da iyaka: wadda aka rubuta wa folt 100 za ta ƙone idan aka jera mata manyan faranti uku, domin kowannensu na kaiwa wajen folt 45 kafin a fara jan wuta, kuma da sanyin safiyar hunturu folt ɗin ƙara hawa yake yi.

Yanayin yankin ma yana da nasa haraji. Alƙaluman bayan faranti an auna su ne a zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu farantin da ke kan rufin kwano a Gumel kan wuce digiri 60, kuma kowane digiri na ƙari yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Ƙurar hunturu, da kashin tsuntsu, da inuwar reshen darbejiya, duk suna iya mayar da faranti biyu 'yan uwa ɗaya su zama mabambanta, musamman a haɗin ayari, inda ƙwaya guda da ta rufu ke tauye sauran. Shafe su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ya fi ƙaro sabon faranti arha.

Wanda ke ɗaukar asarar duk wannan kuskure shi ne batir, kuma yana cikin mafi tsadar kayan. Batir mai dalma da ruwan asid idan ya daɗe ba ya cika, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantansa na ciki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa har ya mutu kafin lokacinsa. Ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, ba a haɗa tsoho da sabo, ba a kuma ajiye shi a ɗakin da iska ba ta shiga, domin yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Wajen haɗi kuwa, batir ake fara ɗaura wa kwantirola tare da fiyus, sa'an nan a kawo wayar farantan, bayan an lulluɓe su da bargo ko kwali.

Malamin kimiyya a sakandare zai iya nuna dukan wannan a filin makaranta da ƙananan faranti biyu mabambanta, da mitar awo, da ƙwan fitilar mota. Ɗalibai su fara lissafa abin da suke tsammani a allo, su auna kowane faranti shi kaɗai, su auna haɗin ayari, sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙwaya guda, sauran su karanta mitar.