Yaran da ke Ɓoye Taɓin Hankalin Iyayensu a Sakkwato

Idan taɓin hankali ya kama uwa ko uba, sau da yawa yaron da ke cikin gida ne yake fara ɗaukar nauyin. A Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, ana rainon yaro bisa biyayya ga iyaye da rufin asirin gida. Tarbiyya ce mai kyau, amma a gaban ciwo takan sa yaro ya riƙa ɓoye abin da ya kamata a kai gaban likita.

Abin yakan fara ne a hankali. Maƙwabciya ta yi sallama, yarinya 'yar shekara 12 ta ce Inna tana barci, alhali uwar ta kwana tana surutu ita kaɗai. Uba ya ce an sa masa guba a tuwo, ɗansa ya fara kai loma don ya kwantar masa da hankali. Wani yaron yakan zubar da maganin asibiti saboda mahaifinsa ya umarce shi, kuma yana tsoron a ce ya saɓa. Duk don ƙauna ake yi, sai dai ciwon yana ƙara samun wurin zama.

Yaron kuwa shi ke biyan farashin. Yakan yi fashin boko da Islamiyya, girki da rainon ƙanne su koma kansa, wani lokacin har da talla. Mafi muni shi ne abin da ba a gani: kullum yana karantar fuskar mahaifi don ya gane yadda gari zai waye, kuma idan ciwo ya tashi sai ya ɗora wa kansa laifi. Irin wannan zullumi yakan bi mutum har girma. Ga kuma tsoron kada a ce gidansu akwai hauka, magana ce da ke iya hana yarinya miji.

Magani yana kusa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, akwai kuma sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Addu'a da ruƙiya ba sa hana shan magani. Kai majinyaci asibiti da lura da maganinsa aikin kawu ne da gwaggo da sauran manyan dangi, kuma malamin da ya ga ɗalibi yana yawan fashi yakan riga kowa gane cewa akwai matsala a gida.