Luis Enrique: Ɗan Wasan Da Nijeriya Ta Doke Ya Zama Babban Koci

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙofar 'Yandaka, cikin birnin Katsina, samari sun kasu gida biyu. Wasu 'yan Barcelona ne, wasu 'yan Real Madrid. Gardamarsu ba ta ƙarewa. To, akwai mutum guda da ya yi wa kulob ɗin nan duka biyu wasa, daga baya ya zama mai horar da 'yan wasa, wato koci. Sunansa Luis Enrique. Yaran yanzu sun san shi a bakin fili yana ba da umarni. Iyayensu kuwa sun san shi tun yana cikin fili, ranar da Nijeriya ta doke ƙasarsa.

An haife shi ran 8 ga Mayu, 1970, a garin Gijon da ke bakin teku a arewacin ƙasar Sifen. Ya fara wasa a kulob ɗin garinsu. A 1991 Real Madrid ta ɗauke shi, ya yi shekara biyar a can. Da kwantiraginsa ya ƙare a 1996, sai ya koma Barcelona. A Sifen wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kulob ɗin biyu ba sa ga maciji da juna. Magoya bayan Madrid sun ɗauke shi maci amana. Shi kuwa ya zauna a Barcelona shekara takwas, har ya zama kyaftin. An sa shi a wurare da dama a fili, baya da tsakiya da gaba, in ban da gola.

Ya buga wa ƙasarsa wasa 62. Biyu daga ciki sun shafi Nijeriya. A gasar Kofin Duniya ta 1994, a Amurka, Italiya ta fitar da Nijeriya da ci 2 da 1. Bayan kwana huɗu, a wannan filin dai, Italiya ta haɗu da Sifen. Ana dab da tashi, wani ɗan bayan Italiya mai suna Tassotti ya kai wa Luis Enrique gwiwar hannu, ya fasa masa hanci. Jini ya ɓata masa riga. Alƙalin wasa bai gani ba, aka fitar da Sifen. Daga baya ne aka dakatar da Tassotti wasa takwas.

Na biyun shi ne wanda dattawa ba sa mantawa. Ran 13 ga Yuni, 1998, a garin Nantes na Faransa, Nijeriya ta kara da Sifen a Kofin Duniya, kuma Luis Enrique yana cikin sha ɗayan farko. Hierro ya fara ci wa Sifen. Mutiu Adepoju ya farke da ka. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Raul ya ƙara ta biyu. Sai Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya ja ƙwallo ta gefen hagu ya bugo ta. Golan Sifen, Zubizarreta, ya kai hannu, sai ya tura ta cikin ragarsa da kansa. Bayan minti biyar Sunday Oliseh ya ɗirka wata daga nesa, ta shige. Aka tashi 3 da 2. Sifen ba ta farfaɗo ba. Tun zagayen farko ta koma gida.

Luis Enrique ya ajiye takalmi a 2004, yana da shekara 34. Bai yi gaggawar neman babban kulob ba. A 2008 ya karɓi ƙaramar ƙungiyar Barcelona, inda ake rainon matasa, ya yi shekara uku yana koyon sabon aiki.

Sabon aiki ne kuwa. Ɗan wasa kamar mutum ne da fartanya a wajen gayya, kunyar da ke gabansa kawai ya sani. Koci kuwa shi ne mai gayyar. Shi ke raba aiki, shi ya san mai sauri da mai nawa, shi ke sulhunta masu faɗa. Shi ke ce wa gwani ya zauna a benci yau. In an yi nasara a yabi 'yan wasa, in an faɗi a kore shi. Shi ya sa ba kowane gwanin ƙwallo ke jure wannan kujera ba. Oliseh ɗin nan da ya ci Sifen ya zama kocin Super Eagles a 2015. Bai cika shekara ba ya ajiye aikin, yana kukan rashin biyan albashi da rashin goyon baya.

Shi ma Luis Enrique bai fara da sa'a ba. A 2011 ya tafi Roma ta Italiya, kulob ɗin ya ƙare a na bakwai, ya bar aikin bayan shekara guda. Ya riƙe Celta Vigo, sannan a 2014 Barcelona ta kira shi gida. Ya sami Messi da Neymar da Suarez a gaba. A 2015 suka ci kofi uku a kaka ɗaya, har da Kofin Zakarun Turai, inda suka doke Juventus 3 da 1 a Berlin. Masu gardama suka ce ai da waɗannan ukun kowa ma zai ci. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, kuma ta bi shi shekara goma.

A 2018 aka ba shi ƙungiyar ƙasar Sifen. A watan Maris na 2019 ya bar aikin ba zato, ba a faɗi dalili ba. Ashe ƙaramar 'yarsa ce ke fama da ciwon daji na ƙashi. Ya koma gida ya zauna jinya. Ta rasu a watan Agusta, tana da shekara tara. A watan Nuwamba ya dawo bakin aikinsa.

A Kofin Duniya na 2022, a Ƙatar, wata ƙasar Afirka ta sake kayar da shi. Sifen ta yi ta miƙa wa juna ƙwallo fiye da sau dubu a gaban Maroko, amma ba ta ci ko ɗaya ba. Aka je bugun fenariti, Achraf Hakimi ya buga na ƙarshe, Maroko ta wuce. Bayan kwana biyu aka raba Luis Enrique da aikinsa.

A 2023 ya karɓi PSG ta birnin Paris, kuma Hakimi yana cikin 'yan wasan da ya tarar. Kulob ne mai kuɗi. Ya sayi Neymar, ya sayi Mbappe, ya ɗauko Messi, amma bai taɓa cin Kofin Zakarun Turai ba. Messi da Neymar sun tafi a 2023, Mbappe ya bi su a 2024. Luis Enrique ya kafa dokarsa: duk wanda ke cikin fili, komai sunansa, sai ya bi abokin gaba ya ƙwato ƙwallo. A watan Oktoba na 2024 ya ajiye Ousmane Dembele a gida ranar wasa da Arsenal, saboda ladabtarwa. Daga baya ya mai da shi tsakiyar gaba. A 2025 Dembele ne ya ci kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya.

Ran 31 ga Mayu, 2025, a birnin Munich na Jamus, PSG ta lallasa Inter Milan 5 da nema, ta ɗauki kofin karo na farko. Hakimi ne ya ci ƙwallon farko. Bayan an tashi, magoya bayan PSG suka buɗe wani ƙaton ƙyalle. A jikinsa an zana Luis Enrique da 'yarsa suna kafa tuta a tsakiyar fili, kamar yadda suka yi a Berlin a 2015, lokacin tana da shekara biyar.