Daga Teburin Mai Shayi Zuwa Madatsar Bakolori: Yadda Zane Yake Bayyana Cinikin Ƙasa

Ɗalibin da ya sayi burodi a teburin mai shayi a Talata Mafara da wuya ya tambayi inda aka noma alkamar da aka yi shi da ita. Gonakin rani na Bakolori suna nan kusa da shi, amma galibin fulawar da ake gasa burodi da ita a Nijeriya daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta. Ƙasar nan tana shigo da fiye da tan miliyan 4 na alkama a shekara, abin da ake nomawa a gida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake mayar da irin waɗannan alƙaluma su zama zane, da abin da zanen yake koya wa mai karatu.

Tushen alƙaluman

Duk kayan da suka shigo ta tashar jiragen ruwa ko ta kan iyaka, jami'an kwastan suna rubuta irinsu da nauyinsu da kuɗinsu da ƙasar da suka fito. Tun daga 1988 ƙasashen duniya suke amfani da tsarin lambobi iri ɗaya domin rarrabe kaya, kamar dai yadda masana ilimin halittu suke rarraba tsirrai dangi-dangi. A wannan tsari lambar alkama ita ce 1001, ta shinkafa kuma 1006. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton ciniki duk bayan wata uku, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana tara na ƙasashe a rumbun da ake kira Comtrade. Matsalar ita ce yawan layuka. Jadawali mai dubban layuka ba ya faɗa wa ido komai.

Gani ya kori ji

A 1786 wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ya buga littafi a kan ciniki. A ciki ya zana sanduna masu tsawo daban-daban domin nuna kayan da ƙasarsa ta saya da waɗanda ta sayar wa abokan cinikinta 17 a cikin shekara guda. Wannan shi ne mafarin zanen sanduna da ake koyarwa a darasin lissafi. A farkon shekarun 1990 kuma Ben Shneiderman na Jami'ar Maryland a Amurka ya ƙirƙiro wani salo da ya yi kama da gonar gado da aka raba wa magada. Babban fili shi ne jimlar kayan da ƙasa ta saya, kowane yanki kuwa girmansa daidai da rabon kaya ɗaya ko ƙasa ɗaya.

Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne zanen ya zama mai amsa tambaya. A shafin intanet na Atlas of Economic Complexity na Jami'ar Harvard, mai bincike zai zaɓi Nijeriya, ya zaɓi shekara, sai filin ya rarrabu. Zai ga yankin ƙasar Sin ya fi na kowa faɗi a shekarun baya-bayan nan. Idan ya taɓa yankin alkama, sai ya ga ƙasashen da ta fito, irin su Amurka da Kanada da Rasha. Idan ya sauya shekara, yankuna su kumbura ko su tsuke. Amfanin wannan ya fito fili a 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, farashin alkama ya tashi a duniya, burodi ya yi tsada har a ƙauyuka. Ƙasar da take dogara da tushe kaɗan ta yi kama da dabbar da take cin abinci iri ɗaya, wadda ƙaramin canji yake girgiza rayuwarta.

Darasin Bakolori

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun, a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ta shayar da kadada kusan 23,000 a yankunan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ɗaya daga cikin manufofinta shi ne rage sayen alkama da shinkafa daga waje. Aikin ya ci dukiya, ya kuma ci rayuka, domin a watan Afirilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyyar gonakinsu, mutane da dama suka mutu.

A 1987 gwamnatin soja ta hana shigo da alkama, amma a 1992 ta janye hanin. Wanda ya zana layin shigowar alkama na waɗannan shekaru zai ga rami mai zurfi, sannan layin ya sake hawa. Zanen yana nuna abin da ya faru, ilimin halittu kuma yana ba da wani ɓangare na dalili. Alkama tsiro ce mai son sanyi. A ƙasar Hausa sai a lokacin hunturu take yin kyau, don haka ya kamata a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Idan ruwa ko taki ko iri ya makara, zafin bazara zai riski tsiron yana ɗura ƙwaya, sai ƙwayar ta motse, amfani ya ragu. Shinkafa kuwa tana jure zafi muddin akwai ruwa, shi ya sa manoman Bakolori da yawa suka fi karkata gare ta.

Abin da zane ba ya gani

Zane ba ya wuce alƙaluman da aka ba shi. Shekara da shekaru alƙaluman Jamhuriyar Benin suna nuna tana sayen shinkafar Tailan da Indiya fiye da abin da jama'arta za su iya ci, domin kaso mai yawa yana tsallakowa Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. Wannan yana daga cikin dalilan rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Haka nan hatsi da dabbobin da suke ratsa daji tsakanin Nijeriya da Nijar ba duka suke shiga littafin kwastan ba. Har ila yau, zanen da aka yi da naira yana iya nuna hauhawa alhali darajar kuɗin ce ta faɗi. Saboda haka ya dace a riƙa duba nauyin kaya tare da kuɗinsu.

Aiki a cikin aji

Malami ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya fara wannan darasi. Ɗalibai za su iya zuwa kantin unguwa su rubuta kaya 20, su karanta ƙasar da aka yi kowanne a jikin kwalinsa, su ƙirga, sannan su raba allo gwargwadon rabon kowace ƙasa. Daga nan sai a tambaye su: wanne daga cikin waɗannan kaya ne za a iya samarwa da ruwan Bakolori, mene ne kuma ya hana? Amsar za ta buƙaci lissafi da ilimin halittu da tarihin yankinsu baki ɗaya.