Carl Weathers: Ƙwallo ta kore shi, fim ya karɓe shi

Duk matashin da ya taɓa zama kan benci a gidan kallo a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san fuskar nan: baƙin ƙaton da ya gwada ƙwanji da Kwamando a farkon fim ɗin Predator na 1987, daga baya dodon ya cire masa hannu. Sunan sa Carl Weathers, kuma ba da fim ya fara neman abinci ba.

An haife shi a New Orleans ta Amurka a 1948. Sana'ar sa ta farko ita ce ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Shi aikin sa tsaro ne: ya tsaya bayan sahun gaba, duk wanda ya ɓullo da ƙwallo ya tare shi ya maka shi da ƙasa. Rabi ƙwallo, rabi kokawa kenan.

A 1970 ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauke shi, amma wasa takwas kacal ya buga mata aka sallame shi a 1971. Shi da bakin sa ya sha faɗin cewa kocin su, John Madden, ce masa ya yi zuciyar sa ta cika laushi. Ƙato guda, wai laushi! Sai ya tsallaka Kanada ya buga wa BC Lions, yana kuma karatun wasan kwaikwayo a San Francisco. A 1974 ya ajiye ƙwallo.

Wajen gwajin fim ɗin Rocky na 1976 ya kusa yin ɓaram-ɓarama. An haɗa shi karatu da wani, sai ya yi ƙorafin cewa da ɗan wasan gaske aka ba shi da ya fi haka. Ashe Sylvester Stallone ne, wato Rambo, marubucin fim ɗin kuma jarumin sa! Maimakon fushi, wannan cika bakin ne ya burge Stallone, don Apollo Creed da ake nema zakaran dambe ne mai surutu irin na Muhammad Ali. Fim huɗu ya yi a matsayin Apollo, kuma masu kallo da suka tsane shi a na farko su ne suka yi jimamin kisan da Drago ya yi masa a Rocky IV a 1985.

Ya ja fim a matsayin jarumi a Action Jackson na 1988, sai dai bai kai su Kwamando ba, abin da har yau ke ba masoyan sa haushi. Ya rasu a Fabrairun 2024 yana da shekara 76.